Muhammadu al-Kashinawi, Sibawaihin Katsina: Rayuwarsa da Lissafinsa na Haruffa

Cikin malaman da ƙasar Katsina ta yaye kafin jihadin ƙarni na 19, kaɗan ne sunansu ya shiga littattafan tarihin Masar. Ɗaya daga cikinsu shi ne Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fullani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1154 bayan Hijira, wato 1741 Miladiyya. Masana tarihin lissafi sun san shi saboda hatimi, malaman zaure kuwa sun san shi saboda littafinsa na ɗalasimai da taurari. Ɗaliban kimiyyar harshe suna da nasu dalilin kula da shi. Da nahawu ya fara yin suna, kuma aikin da ya yi a kan haruffa ya ginu a kan tunani guda: harafi alama ce da ake iya sarrafawa bisa ƙa'ida tsayayya, ba tare da an dubi ma'anar kalmar da ya fito daga cikinta ba. A kan wannan tunani ne aka gina fannin tsararrun harsuna da na'urori masu ƙidayayyun matsayai a ƙarni na 20.

Katsinar da ya tashi a cikinta

Mafi yawan abin da aka riƙe na rayuwarsa ya zo ne ta hannun Abdurrahman al-Jabarti, marubucin tarihin Masar, a cikin littafinsa Aja'ib al-Asar. An haifi Abdurrahman fiye da shekara goma bayan rasuwar al-Kashinawi, amma a gidan mahaifinsa malamin ya cika, kuma a hannun mahaifin nasa ya bar littattafansa. Al-Jabarti ya jero masa nasaba huɗu: al-Fullani, al-Kashinawi, al-Danrankawi, al-Sudani. Ta farko ta nuna Bafillace ne, ta biyu ta danganta shi da Katsina, ta uku da garin Ɗan Ranko, ta huɗu kuwa da ƙasashen baƙar fata baki ɗaya, kamar yadda Larabawa suke kiransu.

Ya tashi ne tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, lokacin da Katsina take cikin manyan zangunan fataucin Sahara. Ayarin da ke kawo gishiri da tufafi shi ke kawo takarda da littattafai. Garin ya riga ya daɗe da sanin malamai: al-Magili ya ziyarce shi a ƙarshen ƙarni na 15, kuma Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, sun bar almajirai da rubuce-rubuce. Wannan tarihi na mutanen jihar Maraɗi ne kamar yadda yake na mutanen Katsina ta yau, domin gidan sarautar da ya mulki birnin a zamanin al-Kashinawi shi ne ya yi ƙaura zuwa arewa bayan 1807, ya kafu a Maraɗi, inda har yanzu ake kiran mai sarautar da Sarkin Katsina. Salon karatun zaure da ya bi, wato a zauna gaban malami a sauke littafi ɗaya bayan ɗaya, shi ne ake bi har gobe daga Maraɗi zuwa Tasawa da Dakoro.

Malamai huɗu da laƙabi biyu

Al-Jabarti ya ambaci malamai huɗu da ya yi karatu a wurinsu kafin ya bar ƙasashen Sudan: Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, malamin Bagarmi, da Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Muhammadu Fudu. Na ƙarshen ne ya fara buɗe masa ƙofar ilimi. Ya lizimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kan hanyar tafiya, ya karanta mafi yawan littattafan adabi a gabansa, ya kuma ƙware a sarfu da nahawu.

Wannan malami ne ya laƙaba masa suna har sau biyu. Da farko yakan kira shi Mai Muƙama, saboda ya haddace Muƙamat har ta zauna masa daram: in aka ambaci kalma daga ciki, nan take zai kawo abin da ya gabace ta ba tare da ya tsaya tunani ba. Duk wanda ya taɓa hadda ya san kawo abin da ke gaba yana da sauƙi, domin harshe ya saba da hanyar. Kawo abin da ke baya sai wanda ya riƙe matanin a matsayin jerin kalmomi, kowace da gurbinta. Daga baya, da ya nutsa cikin nahawu, malamin ya koma kiransa Sibawaihi, da sunan babban malamin nahawun Basra na ƙarni na 8. Shi ma Sibawaihi na asali ba Balarabe ba ne, Bafarishe ne, don haka laƙabin ya dace da Bafillacen da ya koyi Larabci a ƙasar Hausa.

A wurin Muhammadu Bindu ya karanta usulu da ma'ani da bayani da manɗiƙi, da Alfiyyar al-Iraƙi ta ilimin hadisi, da aƙidun Sanusi, ya saurari Buhari da kaso mai yawa na Muhtasar na Halilu. A wurinsa kuma ya ɗauki fannonin da suka sa sunansa ya yi nisa: ilimin haruffa, da ilimin aufaƙu, wato hatimai, da hisabi, da sanin lokuta, duka bisa tafarkin malaman Magrib. Nahawu da manɗiƙi da lissafi sun haɗu a kansa tun yana ɗalibi, kuma waɗannan fannoni uku ne suka sake haɗuwa bayan shekara ɗari biyu suka haifi ka'idar tsararrun harsuna.

Hanyar gabas

Ya kama hanyar hajji yadda malaman zamaninsa suke yi, ana tafe ana yada zango. Ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu. A wani zango ya zauna wata biyar yana karatun ramli, wato bugun ƙasa, da sauran ilimin asirai. Ya yi aikin hajji a 1142, wato 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci, a can kuma ya fara rubuta al-Durr al-Manzum, littafin ɗalasimai da taurari wanda ya gina a kan al-Sirr al-Maktum da ake dangantawa ga Fahruddin al-Razi. Ya tsara shi da gabatarwa da manyan sassa biyar da rufewa, ya kammala shi a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146.

A Alƙahira ya fara sauka a Darb al-Atrak, kusa da masallacin Azhar. A nan ya haɗu da Hasan al-Jabarti, malamin fiƙihu kuma masanin falaki da lissafi, wanda kakanninsa suka fito daga yankin Jabart a gabashin Afirka. Hasan ya zama ɗalibinsa a ilimin hatimi da dabarun sarrafa haruffa. Abin lura ne cewa malami daga ƙasar Hausa ya je birnin da ake ɗauka cibiyar ilimin Musulunci, ya zauna a kujerar mai koyarwa a fannin da ya koyo a gida.

Ban da al-Durr al-Manzum, ya rubuta Bahjat al-Afaƙ a kan haruffa da hatimai, wanda ake danganta rubuta shi da shekarar 1732. Ya tsara waƙe a kan manɗiƙi mai suna Minah al-Ƙuddus, ya yi masa sharhi babba mai suna Izalat al-Ubus. Ya yi sharhi a kan al-Durr wa al-Tiryaƙ, shi ma a fannin hatimi. A nahawu kuwa ya bar Bulug al-Arab min Kalam al-Arab.

Harafi da ƙimarsa

Tushen ilimin haruffa shi ne lissafin abajada, inda kowane ɗaya daga haruffan Larabci 28 yake da ƙima: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, a haura har 10, sannan gomomi, sannan ɗaruruwa, har 1000. Tsari biyu ne, na Gabas da na Magrib, kuma sun saɓa a haruffa shida. A Magrib, shin 1000 ne, sin 300, sad 60, gain 900. A Gabas, gain ne 1000, shin 300, sin 60, sad 90. Tsarin Magrib shi ne na ƙasar Hausa, shi ya sa ramzin da marubuta waƙoƙin ajami suke rufe waƙa da shi a ƙarni na 13 na Hijira yakan ƙunshi shin da ra, wato 1000 da 200. Shekarar rasuwar al-Kashinawi, in aka rubuta ta da ramzin gida, za ta zama shin, ƙaf, nun, dal: 1000 da 100 da 50 da 4. Mai karatu a Alƙahira da ya bi tsarin Gabas zai karanta waɗannan haruffa huɗu ya sami 454. Jerin alamomin bai canza ba, fassararsa ce ta canza. Rarrabe jeri da fassararsa shi ne darasi na farko a tsararrun harsuna, kuma mutumin da ya koyi tsari ɗaya ya je ya koyar a ƙasar da ake bin ɗayan ba zai rasa sanin wannan bambanci ba.

Masu hisabi sukan tara ƙimar haruffan suna, su yi ta zubar da tara-tara, ko goma sha biyu-goma sha biyu, su riƙe abin da ya rage. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana irin wannan lissafi a Muƙaddima, tare da jadawalin da ke sauƙaƙa shi. A jadawalin an tara haruffa rukuni tara: alif da ya da ƙaf da shin suna rukuni ɗaya, domin 1 da 10 da 100 da 1000 duk ragowarsu 1 ce in an zubar da tara-tara, ba da kaf da ra suna rukuni na biyu, haka har na tara.

A ɗauki sunan Muhammad, haruffa huɗu: mim, ha, mim, dal. Jimlarsu 92 ce, ragowarta 2. Amma ana iya samun wannan amsa ba tare da an taɓa riƙe jimlar a kai ba. A fara daga sifiri. Mim 40 ne, ragowarsa 4, sai a tsaya a kan 4. Ha 8 ne, 4 da 8 sun zama 12, a zubar da 9, a tsaya a kan 3. Mim ya ƙara 4, a tsaya a kan 7. Dal ya ƙara 4, ya zama 11, a zubar da 9, a tsaya a kan 2. A kowane mataki abu guda kawai mai lissafi yake tunawa: lambar da yake tsaye a kanta, daga 0 zuwa 8. Ko sunan ya kai harafi dubu, matsayan tara ne ba su ƙaruwa.

Wannan ita ce ainihin abin da masana kwamfuta suke kira na'ura mai ƙidayayyun matsayai, ko otomata mai iyaka. Ba ƙarfe ba ce, tsari ne mai sassa biyar: tarin alamomi masu iyaka, tarin matsayai masu iyaka, matsayar farawa, jadawalin da ke faɗin inda za a koma in ana kan matsaya kaza aka ga alama kaza, da matsayan da aka ware a matsayin na karɓa. In aka ware matsaya ta 2 ta zama ta karɓa, to duk jerin haruffan da ya ƙare tafiyarsa a kanta ya shiga, sauran sun fita. Tarin jerarrakin da na'urar ta karɓa shi ake kira harshenta. A wannan fanni, harshe tarin jerarraki ne kawai, ko suna da ma'ana ko ba su da ita.

Basɗu da taksiri

Al-Jabarti ya ambaci dabaru biyu da mahaifinsa ya koya a wurin al-Kashinawi: kasru da basɗu, na haruffa da na lambobi. Basɗu shi ne shimfiɗa kalma. A na haruffa, ana maye gurbin kowane harafi da haruffan sunansa: mim ya zama mim, ya, mim, dal ya zama dal, alif, lam. A na lambobi, ana maye gurbinsa da haruffan sunan ƙimarsa, dal ya zama haruffan kalmar arba'a. Ƙa'idar ba ta duba maƙwabcin harafi, ba ta duba ma'ana. Duk inda alamar ta fito, abu guda take zama. Masana tsararrun harsuna suna da irin wannan aiki na musanya alama da jeri, kuma sun tabbatar cewa in aka yi wa dukan jerarrakin harshen wata na'ura mai ƙidayayyun matsayai irin wannan musanya, abin da ya fito shi ma akwai na'ura irinta da za ta karɓe shi.

Kasru, ko taksiri, shi ne karya jeri a sake jera shi. Sananniyar hanyarsa ita ce a ɗauki harafin ƙarshe, sai na farko, sai mai bi wa na ƙarshe, sai na biyu, haka har su ƙare. Sannan a yi wa sabon layin abin da aka yi wa na farko. In aka gwada da haruffan kalmar kundi, layi na biyu zai zama ikdun, na uku niukd, na huɗu dnkiu, na biyar udink, sai na shida ya komo kundi. Masu fannin sun san layin farko dole ya dawo, suna kiransa zimami, kuma dawowarsa ita ce alamar an gama. Dalilin dawowar a fili yake: hanyoyin jera haruffa biyar suna da iyaka, 120 ne, kuma kowane layi daga layi guda tak yake iya fitowa, saboda haka tafiyar ba ta da inda za ta nufa illa ta zagayo mafarinta. Hujja irin wannan, cewa abin da matsayansa suke da iyaka dole ya maimaita kansa in tafiya ta yi tsawo, ita ce ake amfani da ita a yau wajen nuna abin da ya fi ƙarfin na'ura mai ƙidayayyun matsayai.

Hatimi

Hatimi, ko wafaƙi, murabba'i ne da aka raba gida-gida aka cika da lambobi, ta yadda jimlar kowane layi na kwance da na tsaye da na kusurwa zuwa kusurwa take zama ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina aka tara, 15 ne. Lambobin kusurwoyinsa, 2 da 4 da 6 da 8, su ne ba, dal, waw, ha, inda aka samo sunan Buduhu. Mai gida biyar a kowane gefe jimlarsa 65, mai bakwai 175, mai tara 369.

Bahjat al-Afaƙ ya yi fice ne wajen bayyana hanyoyin cika hatimai masu gefe mara, wato 3, 5, 7 da sauransu. Ga ɗaya daga tsofaffin hanyoyin da malaman aufaƙu suka sani. A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. A riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa, gida ɗaya dama. In an fita ta ƙasa a shigo ta sama, in an fita ta dama a shigo ta hagu. Duk lokacin da aka zuba lambobi daidai da yawan gidajen gefe ɗaya, a tsallaka gida biyu ƙasa a layin da ake, a ci gaba. Wanda ya bi wannan a kan gida tara zai ga hatimin Buduhu ya fito da kansa, kuma ƙa'idar ba ta canzawa ko gefen 5 ne ko 11. Mai cikawa ba ya bukatar tara komai. Ya san gidan da yake, ya san lambar da ke hannunsa, ƙa'ida ta faɗa masa gida na gaba. Al-Kashinawi ya hori ɗalibin fannin da naci da rashin karaya, ya kuma hore shi da riƙe sirri, kamar yadda al'adar masu wannan ilimi take.

Wajibi ne a faɗi gaskiya game da manufarsa. Shi da malamansa sun ɗauki haruffa da lambobi a matsayin masu asirai da tasiri, kuma don haka suka yi musu hidima. Malamai sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Ibn Haldun ya bayyana hisabin sunaye, ya kuma ce ba shi da hujja. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da duban taurari. Hukuncin wannan ɓangare na malaman addini ne. Abin da ya shafi mai nazarin harshe shi ne ɓangaren da kowa zai iya gwadawa da alƙalami: jimlar hatimi tana fita daidai, zimami yana dawowa, ragowar tara ba ta kuskure, ko mai lissafin ya yarda da asirin ko bai yarda ba.

Daga allo zuwa na'ura

Ka'idar zamani ta taso ne ta wata hanya dabam, ba ta hannun malaman aufaƙu ba. A 1936 Alan Turing na Ingila ya siffanta na'urar tunani mai karanta alamomi a kan zare, tana sauya matsaya bisa jadawali. A 1943 Warren McCulloch da Walter Pitts a Amurka suka kwatanta aikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da lissafin manɗiƙi. Daga aikinsu Stephen Kleene ya fitar da ka'idar na'urori masu ƙidayayyun matsayai, a rahoton da ya rubuta a 1951 aka buga a 1956, ya nuna ainihin irin harsunan da suke iya karɓa. A 1956 ɗin Noam Chomsky ya kawo tambayar cikin kimiyyar harshe: wace irin na'ura ce ta isa ta siffanta nahawun ɗan Adam? A 1959 Michael Rabin da Dana Scott suka tabbatar cewa na'urar da aka ba zaɓin hanyoyi da yawa ba ta fi mai hanya ɗaya ƙarfi ba.

Tsarin gaɓar Hausa misali ne mai kyau. Gaɓa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, baƙi da wasali da baƙi. Matsayai biyar sun isa. A ta 1 ana jiran baƙi, in ya zo a koma ta 2. A ta 2 wasali kaɗai ake karɓa, a koma ta 3. Daga ta 3, ƙarin wasali yana kaiwa ta 4, baƙi kuwa ta 5. Daga ta 4 baƙi kaɗai ke wucewa, ya mai da tafiya ta 2. Daga ta 5, wasali yana maidowa ta 3, baƙi kuwa ta 2. Kalma tana iya ƙarewa a ta 3 ko ta 4 ko ta 5. Ana lissafa sh da ts da ky da gw a matsayin baƙi ɗaya-ɗaya, kuma kalma irin aiki tana farawa da hamzar da ba a rubutawa. Malam da kundi da ƙauye duk suna wucewa. Kalmar Turancin da ta zama burodi ta fara da baƙaƙe biyu a jere, na'urar za ta tsaya a matsaya ta 2, shi ya sa bakin Bahaushe ya cusa wasali a tsakani. Haka kuma kai da rai da mai, in aka liƙa musu nasaba, suna zama kansa da ransa da man gyaɗa: bayan tagwan wasali, baƙi ba ya rufe gaɓa, sai wasali ɗaya ya faɗi.

Na'urar tana da iyaka, kuma Hausa tana nuna ta. Ninkin da ke cikin kakkama da bubbuga da yanyanka ɗan guntu ne mai ƙayyadadden tsawo, matsayai masu iyaka sun isa su riƙe shi. Cikakken ninki irin na maza-maza da gida-gida da kashi-kashi dabam yake. Don a tabbatar rabi na biyu ya yi daidai da na farko, dole a tuna na farkon gaba ɗaya, kuma in ba a sa wa tsawonsa iyaka ba, babu adadin matsayan da zai isa. A 1985 Christopher Culy ya kafa hujja da irin wannan ninki a harshen Bambara na Mali, ya nuna cewa ya wuce har matakin nahawun da ke sama da na'ura mai ƙidayayyun matsayai. Chomsky ma da jimloli masu shiga cikin juna ya nuna gazawar na'urar a ginin jimla. A tsarin sauti da ƙirar kalma kuwa ta yi rawar gani: Douglas Johnson a 1972 ya nuna yawancin dokokin tsarin sauti ba su wuce ƙarfinta ba, kuma Kimmo Koskenniemi a 1983 ya gina tsarin fede kalmomin harshen Finlan a kanta. Manhajojin gyaran rubutu da na binciken kalma a cikin matani suna cin moriyar wannan har yau.

Rasuwarsa da abin da ya bari

A ƙarshen rayuwarsa al-Kashinawi yana gidan Hasan al-Jabarti, a nan kuma ya cika a 1154. Ya naɗa Hasan wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a Bustan al-Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Sunansa ya sake fitowa a fagen bincike a ƙarni na 20. An buga al-Durr al-Manzum a Alƙahira a 1961. Bivar da Hiskett sun sa shi cikin nazarinsu na 1962 a kan rubuce-rubucen Larabci na Nijeriya kafin 1804. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya wallafa maƙala a Ibadan a kan yadda ya bayyana ka'idar ramzi. A 1973 Claudia Zaslavsky ta gabatar da hanyoyinsa na cika hatimi a littafinta Africa Counts, daga nan sunansa ya shiga azuzuwan lissafi a ƙasashen waje.

Hanyoyi biyu ne ake yi wa irin wannan malami rashin adalci. Wasu sukan ture shi gefe da sunan tsibbu, su ƙi buɗe littafin balle su ga lissafin da ke ciki. Wasu kuma sukan ɗora masa abin da bai yi ba, su ce shi ya ƙago kwamfuta ko ka'idar otomata. Abin da tarihinsa ya tabbatar ya wadatar ba tare da ƙari ba: a ƙasar Hausa ta ƙarni na 18 an koyar da nahawu da manɗiƙi da sarrafa alamomi bisa ƙa'ida a zaure ɗaya, har aka yaye wanda ya je ya koyar a Alƙahira. Masu lissafi sun ɗauki rabonsu daga Bahjat al-Afaƙ. Littafinsa na nahawu da sharhinsa na manɗiƙi sun fi kusa da sashen kimiyyar harshe, kuma karanta su yana bukatar wanda ya haɗa Larabcin zaure da ka'idojin zamani. Irin waɗannan ɗalibai suna nan a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Katsina, da yawansu sun riƙe allo kafin su riƙe littafin boko, kuma sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai yana ajiye da kundaye masu yawa da ke jiran irin wannan karatu.